Maigari, meri ko bariki: wace ƙofa ya kamata mu ƙwanƙwasa?

Da wuya mako ya wuce ba a bugo mana waya ko an aiko saƙon murya ta WhatsApp da irin wannan kuka ba. Yaro ya kai aji shida, malam ya ce a kawo takardar haihuwa. Uban yana Libiya ko Legas ko Abijan, ya aiko kuɗi ya ce ƙanensa ya je ya yi. Ƙanen ya je wurin maigari, maigari ya ce sai meri. Ya hau kabu-kabu ya je meri, aka duba aka ce lokaci ya wuce, sai gidan shari'a. Kuɗin mota sun ƙare, yinin aiki ya tafi a banza, ya dawo gida yana cewa wahalar da shi kawai ake yi. Wani lokaci da gaskiyarsa, domin akwai ma'aikatan da ba sa tsayawa su yi wa baƙauye bayani. Amma sau da yawa kowa cikin mutanen nan uku gaskiya ya gaya masa, aikin ne aka raba, mu kuma ba a taɓa zaunar da mu an gaya mana yadda aka raba shi ba.

To bari mu ɗauko abin daga sama. An raba Nijar jaha takwas: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram, sai Yamai babban birni. Kowace jaha tana da gwamna. A ƙarƙashin jaha akwai departama, wadda wasu ke kira gunduma, can ne perefe yake zaune, can ne kuma tsofaffinmu ke nufi in sun ce bariki, tun zamanin da kumandan na Faransa yake zaune a wurin. Da can departama 36 ne. A watan Agusta na 2011 aka ɗaga darajar wasu garuruwa 27, lissafin ya koma 63. A lokacin ne Gazawa ta fita daga Agye, Bermo ta fita daga Dakwaro, Malbaza ta fita daga Ƙonni, Dungas ta fita daga Magarya, Takeita da Damagaram Takaya suka fita daga Mirya. Wanda ya bar gida tun kafin wannan shekara, in ya bugo wa ɗan'uwansa na Malbaza waya ya ce je ka barikin Ƙonni, to ya sa shi doguwar tafiya ba gaira ba dalili.

A ƙarƙashin departama sai komin, wato ƙaramar hukuma, ita ce mai ofishin da muke kira meri. A rabon da muke kai tun 2011, komin na karkara 214 ne, na birni 37. Manyan birane huɗu kuma aka ba su matsayi na daban aka yanka su da'ira-da'ira: Yamai biyar, Damagaram biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu. In aka haɗa da waɗannan da'irori 15, shi ne 266 ɗin da kuke ji ana faɗi a labarai. Ɗauki Madarunfa misali. Departama ɗaya ce, perefe ɗaya, amma komin shida ne a cikinta: Madarunfa ɗin kanta, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Mutumin Gabi ba ya bukatar zuwa Madarunfa don a rubuta masa haihuwar ɗansa, merinsa tana Gabi.

Inda kan mutane yake ɗaurewa shi ne waɗannan ba tsani guda ba ne da za a ce maigari yana ƙasa, magajin gari a samansa, perefe a saman magajin gari, kamar sojoji. Hanyoyi uku ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Gwamna da perefe wakilan gwamnatin Yamai ne, naɗa su ake yi, aikinsu tsaro da kula da bin doka da haɗa kan ma'aikatun gwamnati na yankin, irin su noma da kiwo da gandun daji. Komin kuwa hukuma ce mai cin gashin kanta, da kasafin kuɗinta da hatiminta, perefe dai yana duba ko abin da ta zartar bai saɓa wa doka ba. Ta uku ita ce sarauta, wadda ta girmi duka biyun: sarkin kanto, sarkin rukunin makiyaya, maigari, hardo, mai unguwa, har zuwa manyan masarautu irin Damagaram, Katsinar Maraɗi da Gobir. Iyakar kanto ba lallai ta zo daidai da iyakar komin ba, akwai kanton da aka yanka komin biyu ko uku a cikinsa. Kuma ga Tsibiri nan: Sarkin Gobir yana zaune a garin, garin yana da merinsa, amma perefen da ke kula da shi yana Gidan Rumji.

Komin ɗin nan ba tsohon abu ba ne a ƙauyukanmu. Ranar 24 ga Yulin 2004 aka fara zaɓen kansiloli a duk faɗin ƙasa, aka sake a Janairun 2011, sannan ranar 13 ga Disamban 2020. A lokacin mu ne muke zaɓen kansiloli, su kuma su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Sarakuna suna zama a majalisar, ana jin shawararsu amma ba sa jefa ƙuri'a. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, hukumomin CNSP sun rusa majalisun komin da na birane da na jahohi ranar 4 ga Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi, waɗanda a bakin mutane ake cewa AD, da yawansu jami'an soja ne ko jandarma ko ƴan sanda. Mun ji masu cewa tun da aka rusa kansiloli ai meri ta mutu. Ba haka ba ne. Kujerar ce aka sauya wa mai zama, amma magatakarda yana nan, mai rubuta haihuwa yana nan, mai karɓar kuɗi yana nan, kuma hannun da kantoma ya sa a takardarka daidai yake da na magajin gari. Abin da ya ragu, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne kansilan ƙauyenku da kuke tarewa a bakin masallaci ku tambaye shi ina maganar rijiyarmu ta kwana. Yanzu wannan nauyi ya koma kan maigari da ƙungiyoyin gari, da mu kanmu.

Kwana sittin

In da za a ce mu zaɓi abu ɗaya da kowa zai riƙe daga wannan bayani, to wannan ne. Dokar rajistar jama'a ta ranar 1 ga Yulin 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa. Kafin ita wa'adin ya fi haka gajarta, shi ya sa aka tsawaita. Ku lissafa da kanku: ranar bakwai a yi suna, ranar arba'in mai jego ta gama wanka, to saura kwana ashirin ke nan. Kuma ba sai an je hedikwatar komin ba. Likitar da aka haihu, ko CSI ce ko ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, wurin karɓar sanarwa ne. A ƙauyuka da rugage da dama ma akwai littafin a hannun maigari ko wanda aka ɗora wa aikin. Ana rubuta sunan yaro da na iyayensa da ranar haihuwa, a kai takardar meri, a shigar da ita cikin babban littafi, a sa hannu, a ba ka taka. Doka ta ce kyauta ne in an yi cikin wa'adi. Wanda ya ce ka kawo kuɗin sanarwa, ka tambaye shi rasiti, za ka ga yadda maganar za ta sauya.

Kuskuren da muka fi gani shi ne a bar likita da ƴar takardar da ungozoma ta bayar, a linke ta a sa cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, ana zaton ita ce takardar haihuwa. Ba ita ba ce. Sai an koma an karɓo wadda ke ɗauke da hatimin meri. Akwai merin da za ka tarar da takardun yara jibge a kabad shekara da shekaru, ba wanda ya zo ɗauka.

In kwana 60 suka wuce, magajin gari ko kantoma ba shi da ikon rubuta haihuwar da kansa, ko da kuwa shi ya yanka ragon sunan. Sai alƙali ya yanke hukunci cewa lallai an haifi wane a wuri kaza, shi ne abin da muke kira jujuma. A nan ne ake neman shaidu, a biya kuɗin tambur, a yi zirga-zirga zuwa gidan shari'ar da yankin yake ƙarƙashinsa, daga nan kuma a dawo da hukuncin meri a shigar da shi littafi. Lokaci-lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi zaman bayar da jujuma ga jama'a da yawa a rana ɗaya, galibi kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk lokacin da meri ta sanar da mu irin wannan zama muna faɗi a rediyo, don Allah in kun ji ku gaya wa maƙwabta.

Me ya sa muke nanata wannan? Domin duk sauran takardu daga ita suke fita. Jarabawar yaro, katin ɗan ƙasa, takardar shaidar zama ɗan Nijar da gidan shari'a ke bayarwa, fasfo na aikin hajji ko na tafiya ci-rani, shiga soja, buɗe asusun banki. Kuma a duba rubutun suna tun a gaban mai rubutawa. Mahamadou da Mamadou da Mahamane a bakinmu duk mutum ɗaya ne, a takarda kuwa mutum uku ne, kuma harafi ɗaya ya isa ya hana yaro zama jarabawar BEPC sai an koma gaban alƙali an gyara. Ƴan'uwanmu na waje da aka yi wa haihuwa a Kano ko Kumasi ko Jidda, ofishin jakadancin Nijar ko ƙaramin ofishinsa na can shi ne merinku, ku kai sanarwa can.

Aure da saki da rasuwa su ma ana rubuta su a wuri guda. Mutane ba su cika damuwa da takardar rasuwa ba sai ranar da aka je fitar da kuɗin mamaci a banki ko fanshon ma'aikaci, aka ce ina shaida, matar da marayu suka tsaya cirko-cirko.

Gona da fili

Nan ne sarauta da komin da bariki suke haɗuwa a kan tabarma ɗaya. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta yarda cewa gonar gado mallaka ce, ko da babu takardar Turawa, aka kuma kafa kwamitocin kula da ƙasa hawa-hawa. Na ƙauye shi ne COFOB, maigari ke shugabantarsa. Na komin COFOCOM, a hannun magajin gari. Na departama COFODEP, a hannun perefe. In an sayar da gona, ko an yi kyautarta, ko aro, ko haya, ko jingina, akwai takardar da ake cikewa tun a ƙauye, da shaidu da maƙwabtan iyaka, maigari ya sa hannu, a aika kwafi sama a ajiye.

Jingina da aro su suka fi haifar da rigima. Shekarar yunwa mutum ya jinginar da gonarsa a kan buhu biyar na hatsi, da baki kawai, gaban dattawa biyu. Shekara ashirin ta wuce, dattawan sun rasu, masu yarjejeniyar sun rasu, ƴaƴan wannan suna cewa saye ne, ƴaƴan wancan suna cewa jingina ce. Kowa kuma ya yarda zai dafa Alƙur'ani, domin abin da ubansa ya gaya masa ke nan. Da an cike takarda guda a ranar, da zumunci bai lalace ba.

In rigimar ta riga ta tashi, ba a fara da jandarma, sai fa in an zubar da jini. Maigari ake fara samu, in ya kasa a je wurin sarkin kanto. Doka ta ba su ikon sulhu, ba ikon yanke hukunci ba, kuma ko an shirya ko ba a shirya ba a nemi a rubuta takardar abin da aka yi, domin ita alƙali zai fara tambaya in maganar ta kai gabansa. Haka ɓarnar dabbobi a gona: sulhu tukuna, da wakilan manoma da na makiyaya. Ranar sakin gonaki bayan girbi hukumomin jaha ne ke tsayar da ita, burtali da mashaya da makiyaya kuwa dukiyar kowa ce, maigari ba shi da ikon sayar da su, magajin gari ma haka. Dabbar da ta ɓata aka kama, a turken meri ake tsare ta, can za ka biya ka karɓi abinka.

Ga masu sayen fili daga nesa kuma, kalma ɗaya. Filin cikin gari da aka yanka, meri ce ke ba da takardarsa, da lambar fili da lambar rukuninsa. Kafin ka aiko da kuɗin da ka yi shekara uku kana tarawa a rana, sa wani naka ya ɗauki lambar ya je ofishin filaye na meri a buɗe littafi a ga sunan wa ke ciki. Hoton takarda a waya ba shaida ba ne. An sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, dukansu suna waje, sai ranar da aka zo zuba yashi aka haɗu.

Lanho, da abin da ake yi da shi

Daga ina meri take samun kuɗi? Na farko lanho, harajin kai, wanda a komin da yawa na karkara dala 140 ne, wato sefa 700 a shekara kan kowane mutum da ya isa biya. Maigari ke tarawa bisa katin iyali ya kai meri, a ba shi ɗan kasonsa. Sai tikitin kasuwa, kuɗin kara inda ake sayar da dabbobi, mahauta, tasha, kuɗin tambur. Komin da Allah ya ba babbar kasuwar dabbobi ko ta albasa tana numfashi, wadda ba ta da kasuwa kuwa wani lokaci albashin ma'aikatanta ma gagararta yake yi. Gwamnati tana tallafawa ta hannun hukumar ANFICT da aka kafa a 2008, kuma jahohin da ake haƙo ma'adinai ko man fetur doka ta ware musu kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ake samu. Sauran sai abokan hulɗa da ƙungiyoyi.

A Janairun 2016 gwamnati ta sauko wa komin da jahohi da ayyuka a fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli. A takarda ke nan gina aji da gyaransa a makarantun firamare, kula da ƙananan ɗakunan shan magani, rijiyoyi da famfunan ƙauye, duk sun shigo hannun komin. Mu dai abin da idonmu ya gani, aikin ya sauko da sauri, kuɗin kuwa suna tafiyar hawainiya. Shi ya sa har yanzu kowace shekara bayan girbi iyaye ke haɗa kara da zana su kafa aji, alhali ba mu manta da gobarar da ta cinye yara sama da ashirin a irin wannan aji a Maraɗi cikin Nuwamban 2021 ba. Albashin malami da na likita gwamnati ke biya, ba meri ba. In malami bai zo ba, sufeton makarantu ake kai wa kuka. In rufin aji ya yaye, ko famfon gari ya tsaya wanda aka ba kwangilar sayar da ruwan ya yi shiru, to wannan maganar meri ce.

Akwai zagayen da muke ciki wanda kowa ya sani. Talaka ya ce ba zan biya lanho ba tunda ban ga abin da aka yi da na bara ba. Meri ta ce ba mu yi komai ba tunda ba a biya ba. Dukansu suna da hujja, sai dai a ganinmu wanda ke riƙe da littafin kuɗi shi ya kamata ya fara buɗe shi. Kasafin kuɗin komin ba asiri ba ne, ɗan komin yana da damar ya nemi a nuna masa. Lokacin kansiloli ana zama sau huɗu a shekara kuma ƙofa a buɗe take ga mai son saurare, ko da yake kaɗan ne cikinmu suka taɓa zuwa. Mu kuma namu shi ne karɓar rasiti a duk abin da muka biya, ko na dala goma ne a bakin kasuwa, domin kuɗin da ba su da tikiti ba sa isa asusun meri.

Ƴan ci-rani da ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke haɗa kuɗi don gina aji ko ɗakin haihuwa, Allah ya saka muku. Amma kafin a sa harsashi a shiga meri a yi magana. Kowace komin tana da tsarin ayyukanta na shekara biyar, kuma ta hanyarta ne ake neman gwamnati ta turo malami ko ungozoma. Mun san ginin da aka gama aka shafa fenti aka yi walima, shekara biyu ƙofarsa a kulle awaki na kwana a barandarsa, saboda ba a shigar da shi cikin lissafin ma'aikatar lafiya ba tun farko.

Wanda ke da takardar da ta maƙale kuma bai san ofishin da zai nufa ba, ya aiko mana da tambayarsa da sunan komin ɗinsa, ba sai ya faɗi sunansa ba. Muna tara su mu kai wa masu rubuta haihuwa da magatakardun meri, mu karanto amsoshin a shirinmu.